Jorj Muller: Ɓarawon yaro da ya riƙe marayu dubu goma bai roƙi kowa sisi ba

Jama'a masu karatu, musamman 'yan uwanmu na kasuwannin bakin iyaka, daga Ɗan Isa da Jibiya zuwa Ƙonni da Illela har Gaya da Kamba, a wannan mako filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe ya leƙa ƙasar Ingila ne, inda muka ɗauko muku labarin wani Bajamushe Kirista mai suna Jorj Muller, wanda ya rasu tun a shekarar 1898. Wani zai ce mene ne haɗin ɗan kasuwar Maraɗi da faston Turawa da ya mutu shekaru sama da ɗari da ashirin. Haɗin shi ne tsoro. Kowa a cikinmu ya san tsoron da ke kwana da ɗan kasuwa: tsoron a rufe iyaka kamar yadda muka gani a 2019 da kuma 2023, tsoron naira ta faɗi kaya na hanya, tsoron duwan, tsoron tsufa ba jari. Wannan tsoro ne ke sa mutumin kirki ya daki gindin mudu, ko ya musanta bashin da ya san ya ci. Shi Muller ya ga irin wannan a wurin 'yan kasuwar garinsu, kuma aikin da ya shafe shekaru sittin da biyu yana yi ya fara shi ne domin ya ba su amsa.

An haifi Muller a ranar 27 ga watan Satumba na 1805 a wani ƙaramin gari mai suna Kroppenstedt cikin masarautar Furushiya, wadda a yau take cikin ƙasar Jamus. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne mai karɓar haraji, saboda haka kuɗin hukuma na kwana a gidansu. Yaron bai cika shekara goma ba ya fara ɗibar kuɗin nan. Da uban ya fara zargi, sai wata rana ya ƙirga wasu kuɗi ya bar su a ɗaki da gangan, ya fita. Da ya dawo ya tarar sun ragu, ya caje yaron, ya same su cikin takalminsa. An yi masa dukan tsiya, amma abin da ya koya daga dukan shi ne ya ƙara dabara don kada a sake kama shi.

Yana ɗan shekara 14 mahaifiyarsa ta rasu. A daren da take jinyar ajali shi yana can yana karta da abokai har ƙarfe biyu na dare, washegari kuma suka wuce gidan giya. Yana shekara 16 ya shiga yawon garuruwa yana sauka a manyan otal kamar ɗan sarki alhali ba ko kwabo a aljihunsa. A wani otal ya bar tufafinsa masu kyau jingina, a na gaba kuma, a garin Wolfenbüttel, ya nemi ya sulale, aka cafke shi. Ya yi kwana 24 a gidan kaso tare da ɓarayi, daga watan Disamba na 1821 zuwa Janairun 1822, sai da uban ya aiko da kuɗi aka biya masu otal sannan aka sake shi. Ko bayan haka halin bai sake shi ba. A lakkol ɗin da aka kai shi a Nordhausen ya taɓa cinye kuɗin da aka aiko masa, sai ya ɓalle makullin akwatinsa da kansa, ya ruga wurin shugaban makaranta yana kukan an yi masa sata, har abokansa suka yi masa karo-karo.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne wannan yaro ana shirya shi ne ya zama limamin coci. Uban ba don addini ya zaɓa masa wannan hanya ba, ya duba ne ya ga limaman cocin gwamnati na da albashi mai kyau da gida, ya yi lissafin in ya tsufa zai sami wurin da zai raɓa. Da wannan niyya Muller ya shiga jami'ar Halle a 1825. A wannan shekarar ma ya ja abokansa yawon buɗe ido zuwa ƙasar Suwizalan da takardun izinin iyaye na jabu, shi ne ma'ajin tafiyar, kuma ya murɗa lissafi yadda abin da ya kashe daga aljihunsa bai wuce kashi biyu cikin uku na abin da kowannensu ya kashe ba.

A watan Nuwamba na 1825 ne wani abokinsa mai suna Beta, wanda suka yi tafiyar Suwizalan tare, ya kai shi wani taron addu'a da ake yi ranar Asabar da dare a gidan wani mutum mai suna Wagner. Ba wani babban taro ba ne, mutane ƙalilan ne a ɗaki, sun yi waƙa, an karanta Littafi Mai Tsarki. Abin da ya taɓa shi, kamar yadda ya rubuta daga baya a littafin tarihin rayuwarsa, shi ne ganin wani mutum ya durƙusa a kan gwiwoyinsa yana addu'a. Ɗalibin ilimin addini ne, yana da shekara 20, amma bai taɓa ganin haka ba, shi ma bai taɓa yi ba. Daga wannan dare ya fara barin giya da ƙarya da sata, ba a rana ɗaya ba, sannu a hankali.

Jarrabawar farko daga gida ta fito. Da ya gaya wa uban yana son ya tafi aikin bishara a ƙasashen waje, uban ya fusata, ya yi kuka, ya tuna masa da dukiyar da ya kashe a kansa. Muller ya yanke shawarar cewa tunda ba zai bi hanyar da uban ke so ba, bai dace ya ci gaba da karɓar kuɗinsa ba, alhali saura shekara biyu ya gama karatu. Ba da jimawa ba wasu Amurkawa masu ilimi suka zo Halle ba su jin Jamusanci, wani shehun malami mai suna Tholuck ya haɗa su da shi ya koya musu, suka biya shi fiye da bukatarsa. A wannan zamani kuma ya zauna wata biyu a ɗakin kyauta na ɗalibai matalauta cikin babban gidan marayun da wani malami mai suna Francke, wanda ya rasu a 1727, ya gina a garin. Ganin ginin nan ya zauna masa a zuciya.

A 1829 ya tafi Landan domin ya yi aiki da wata ƙungiyar bishara. Rashin lafiya ya sa aka tura shi shan iska a Teignmouth, wani garin bakin teku a kudu maso yammacin Ingila, inda ya sadu da Henri Craik, mutumin Sikotilan, wanda ya zama abokin aikinsa har mutuwa ta raba su. A farkon 1830 ya rabu da ƙungiyar, ya zama faston wata 'yar majami'a mai mutum 18 a kan albashin fam 55 a shekara. Ga matasan da ba su riski zamanin ba, dattawanmu da suka yi fataucin Kano kafin zuwan naira a 1973 za su gaya muku sule 20 ne fam guda, kwabo 12 ne sule guda, sisi kuwa rabin sule.

A ranar 7 ga Oktoba na 1830 ya auri Meri Groves. Yayanta, Antoni Groves, likitan haƙori ne da ya bar sana'a mai kawo masa kuɗi da yawa ya tafi Bagadaza aikin bishara ba tare da albashi ba, kuma labarinsa ya yi tasiri ƙwarai a kan Muller. Auren bai cika wata ba ango da amarya suka yanke shawarar ajiye albashi. Dalili shi ne kuɗin albashin daga hayar kujerun coci yake fitowa, mai kuɗi ya biya da yawa ya zauna gaba, talaka ya koma baya, shi kuma yana ganin wasiƙar Yaƙub da ke cikin Sabon Alkawari ta hana fifita mai arziki a wurin ibada. Aka soke hayar kujeru, aka rataye akwati, wanda ya ga dama ya saka. Suka ƙara wa kansu wani sharaɗi mai tsauri, wato ba za su gaya wa kowane ɗan Adam bukatarsu ba, ko da ya tambaya, sai Allah kaɗai. Sharaɗi na biyu, ba bashi, ko na burodi. Akwai ranakun da suka wayi gari da 'yan kwabbai, amma da ya rufe lissafin shekarar 1831 ya tarar abin da ya shigo masa ya haura fam 130.

A watan Mayu na 1832 shi da Craik suka koma Biristol, babban gari mai tashar jiragen ruwa. Suna isa annobar amai da gudawa ta ɓarke, ta kashe ɗaruruwan mutane a garin. Ba su gudu ba, suka riƙa shiga gidajen marasa lafiya dare da rana, alhali matarsa na da tsohon ciki. A cikin annobar aka haifi 'yarsu Lidiya a watan Satumba. Ɗa namiji da suka samu bayanta, Iliya, ya rasu a 1835 yana ɗan shekara guda da 'yan watanni. A 1834 suka kafa wata cibiya ta buɗe makarantu da raba Littafi Mai Tsarki da taimakon masu bishara, ita ma a kan sharaɗin ba roƙo ba bashi.

A nan muke so 'yan kasuwa su tsaya su duba da kyau. Ingila ta wancan lokaci cike take da marayu a titi, wanda hukuma ta ɗauka kuma sai ta kai shi gidan aikin matalauta, wurin da ba shi da maraba da gidan kaso. Muller ya tausaya musu, amma da kansa ya bayyana cewa tausayin marayu ba shi ne dalilinsa na farko ba. A yawon ziyarar da yake yi wa mutanen cocinsa ya riƙa tarar da abu guda a gidaje daban-daban. Ga ma'aikaci mai aikin awa 14 ko 16 a rana, jikinsa ya lalace, ba ya da lokacin ibada, in an ce ya rage sai ya ce iyalinsa za su kwana da yunwa. Ga tsoho da tsoron ƙarewa a gidan matalauta ya hana shi barci. Ga kuma ɗan kasuwa mai zuwa coci kowace Lahadi, amma a kanti yana ha'inci kamar kowa, hujjarsa ita ce kasuwa ta yi tsauri, masu gasa sun yi yawa, wanda ya ce zai tsaya kan gaskiya tsantsa zai karye. Muller ya lura cewa karanta wa irin waɗannan mutane aya ba ya isa, domin sun san ayoyin. Abin da suke bukata shi ne su ga wani abu da idonsu. Sai ya yi tunanin cewa in shi, talaka baƙo a ƙasar, ya iya ciyar da marayu ashirin da addu'a kawai, ba tare da ya roƙi kowa ba, to mai kanti ba ya da sauran hujjar cewa in ya daina algus zai mutu da yunwa.

A watan Disamba na 1835 ya fara roƙon Allah gida da ma'aikata da fam 1,000. Kyautar farko da ta shigo sule guda ce. Ba da daɗewa ba wata matalauciya mai ɗinki, marar lafiya, wadda abin da take samu a mako bai kai sule huɗu ba, ta aiko da fam 100 daga gādon da ta ci. Maimakon ya yi murna ya karɓe, sai ya je ya same ta, ya daɗe yana yi mata tambayoyi don ya tabbatar ba zumuɗi ne ya ɗebe ta ba, ta tsaya kan bakanta sannan ya karɓa. Haka ya riƙa yi har ƙarshen rayuwarsa, kuma in ya gane mai kyautar ana bin sa bashi, yakan mayar masa da kuɗinsa ya ce ya je ya biya masu bin sa tukuna. Wani abin dariya kuma, ranar da aka sa domin karɓar sunayen yara ya zauna awa biyu ba wanda ya zo. Da ya koma gida ya yi tunani sai ya gane ya roƙi gida da kuɗi da kwanuka da barguna, ya manta bai roƙi yaran ba. Washegari aka kawo sunan farko. A watan Afrilu na 1836 aka buɗe gidan farko mai lamba 6 a titin Wilson, na 'yan mata 30. Kafin ƙarshen 1837 gidajen sun zama uku, daga baya huɗu, yara wajen 130.

Shekaru biyun farko kuɗi na shigowa daidai gwargwado. Daga tsakiyar 1838 ne aka shiga matsi, wanda ya ɗauki shekaru. Sau da yawa abin da ke hannu na abincin rana ne kawai, na dare sai an jira. Da abin ya yi tsanani ya tara ma'aikatan gidajen ya gaya musu halin da ake ciki, da sharaɗin maganar ba za ta fita waje ba, suka riƙa yin addu'a tare. Wasunsu sun ba da 'yan kuɗin ajiyarsu, wasu sun sayar da littattafai da kayan ɗaki. A ranar 18 ga Satumba na 1838 komai ya ƙare ƙaf, har ana shirin sayar da abin da za a iya rabuwa da shi, sai ga wata mata daga Landan ta kawo fam 3 da sule 2 da sisi, saƙon 'yarta. Ashe ta kwana huɗu ko biyar a gidan da ke maƙwabtaka da gidan marayu maza, kuɗin na cikin jakarta. Wani zai ji haushin wannan jinkiri, shi kuwa ya ɗauke shi shaida ce cewa tun farko an riga an tanadi taimakon, an bar su ne su jira. A duk tsawon shekarun nan, bisa rubutaccen lissafinsa, yaran ba su taɓa tsallake abinci don rashi ba, kuma su ba su ma san ana cikin matsi ba.

Mu dai a aikinmu na jarida an koya mana mu tambayi ɗaya ɓangaren, kuma masu suka tun a zamaninsa sun yi magana. Sun ce ai kowace shekara yana buga rahoto, yana zayyana yadda aka shiga matsi da yadda kuɗi suka zo, kuma wannan ma roƙo ne da aka naɗe cikin ladabi. A ganinmu maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, domin dubban mutane ta rahoton suka san da aikin. Shi ma ya san da zargin. A watan Disamba na 1841, lokacin da asusun ya fi kowane lokaci bushewa kuma lokacin taron shekara da fitar da rahoto ya yi, sai shi da ma'aikatansa suka ɗage duka biyun har wasu watanni, don kada a ce sun yi taron ne saboda yunwa ta kore su. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa rufe rumfa ranar kasuwa alhali yana bukatar ciniki ya san nauyin wannan mataki. Watannin da suka biyo baya sun yi tsanani ƙwarai, amma gidajen ba su rufe ba.

Wani abin da masu ba da labarinsa kan tsallake shi ne tsantseninsa a kan lissafi. Yaron da ya saci kuɗin haraji ya zama mutumin da ko cokali aka kawo sai an rubuta, a ba mai shi rasit. Kuɗin da aka bayar don gini ba ya taɓa su don abinci, ko da tukunya na jira. Kowace shekara wasu mutane dabam ke binciken littattafan kuɗin. Bai taɓa cewa kowa ya bar sana'arsa ya zauna jiran kyauta ba, abin da yake gaya wa 'yan kasuwa shi ne su yi aikinsu da gaskiya, su guji bashin da ya fi ƙarfinsu, su ware wani kaso na riba don bayarwa, su bar sauran ga Allah.

A watan Oktoba na 1845 wani maƙwabci a titin Wilson ya rubuto masa takardar koke a kan hayaniyar yara da toshewar magudanan ruwa. Ya karanta, ya auna, ya ga suna da gaskiya. Ya fara neman fili a bayan gari, ya samu eka bakwai a wani tudu mai suna Ashley Down. A watan Fabrairu na 1846 ya je gidan mai filin bai same shi ba, ya bi shi wurin aikinsa nan ma suka yi saɓani. Ya ƙi komawa a karo na uku a ranar, ya bari sai da safe. Da suka haɗu mai filin ya gaya masa ya kasa barci daga ƙarfe uku zuwa biyar na asuba yana tunanin maganar, kuma ya yanke zai sayar masa a kan fam 120 kowace eka maimakon 200 da ya sa tun farko. Ragin fam 560 ke nan ba tare da an yi tayi ba. Duk da haka bai bari an sa tubali ko ɗaya ba sai da kuɗin ginin suka taru a hannu. An fara gini a 1847, aka buɗe a watan Yuni na 1849 da wurin yara 300. Gida na biyu ya biyo baya a 1857, na uku a 1862, na huɗu a 1868, na biyar a 1870. Gaba ɗaya suna ɗaukar yara 2,050, an kashe sama da fam 100,000, ba bashin kwabo.

A ƙarshen Nuwamba na 1857 tukunyar da ke ɗumama gida na farko ta fara yoyo, ga hunturu ya kama, ga jarirai a ciki. Sanyin can ya wuce na Agadas a watan Janairu nesa ba kusa ba. Bai naɗe hannu ba, ya duba hanyoyin ɗumama ɗakuna na wucin gadi ya ga ba wadda za ta yi, ya kira masu gyara aka sa rana. Kafin ranar sai iskar arewa mai tsananin sanyi ta taso. Ya roƙi abu biyu, iska ta juya, ma'aikata kuma su sami zuciyar aiki. Ranar da aka kashe wuta iska ta koma ta kudu mai ɗumi, da yamma kuma ma'aikatan da kansu suka ce za su kwana suna aiki. Cikin awa 30 aka sake hura wuta.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na watan Oktoba na 1856. Wani mai arziki ya aiko masa da fam 100, ya ce wannan ba na marayu ba ne, somin asusu ne da yake so a kafa domin Muller da iyalinsa in tsufa ya zo. A lokacin yana da shekara 51, ba gida nasa, ba gona, ba fansho, ga mata ga 'ya. Ya rubuta wa mutumin godiya, ya bayyana masa cewa shekara 26 ke nan ba ya ajiye komai don gobe kuma bai rasa ba, in ya karɓi wannan ya rushe abin da yake koya wa mutane. Mutumin ya ce to a ba marayu, ya kuma ƙara aiko da wasu kuɗin. Ba mu ce kowa ya watsar da adashinsa ba, shi ma bai ɗora wa kowa wannan ba. Amma mun san attajirai a garuruwanmu da suka tara abin da jikokinsu ba za su cinye ba, kuma har yau in an ƙwanƙwasa ƙofa da dare gabansu ne ke fara faɗuwa.

Yaran suna samun karatu da lissafi da tarihi da sana'a. Maza na zama har shekara 14 a kai su koyon sana'a, mata har 17, kowa kuma zai fita da akwatin tufafi da Littafi Mai Tsarki. Masu masana'antu sun yi ƙorafin yana ba 'ya'yan talakawa ilimin da ya fi matsayinsu, yana hana su leburori. Inda mu muke ganin ya gaza shi ne sharaɗin shiga, domin a zamaninsa sai yaron da aka haifa ta hanyar aure kuma ya rasa uwa da uba ake karɓa. Yaron da aka haifa ba aure, wanda shi ne ya fi kowa rashin gata, ƙofa a rufe take gare shi. Rayuwar gidajen ma irin ta bariki ce, tufafi iri ɗaya, tashi ƙarfe shida, ɗaruruwan yara a jere.

Wata guda bayan buɗe gida na biyar, a ranar 6 ga Fabrairu na 1870, Meri ta rasu bayan zaman aure na shekara 39. Ita ce ke kula da tufafin yara da ɗakunan jinya, ita ke duba littattafan kuɗi. Ya kira likita, ya yi addu'ar ta warke, ba ta warke ba. Shi da kansa ya yi wa'azin tunawa da ita daga Zabura ta 119, yana bayyana cewa Allah ya yi masa alheri da ya ba shi ita, da ya bar su tare tsawon lokaci, har da ɗauke ta, ko da yake bai ɓoye cewa kewarta ta daɗe tana cin sa ba. A 1871 ya auri Susana Sangar, a shekarar kuma Lidiya ta auri Jems Wright, mataimakinsa. Ya riski mutuwar Lidiya a 1890 da ta Susana a 1894.

Yana da shekara 70, a 1875, ya bar wa surukinsa kulawar gidajen ya shiga tafiye-tafiyen wa'azi na shekara 17. Ya zagaya ƙasashe 42, cikinsu har da Amurka, Indiya, Sin, Japan, Ostireliya, Masar da Rasha, tafiyar kilomita wajen 320,000 a jirgin ruwa da jirgin ƙasa, yana wa'azi da Ingilishi da Jamusanci da Faransanci. A 1878 shugaban Amurka Hayes ya karɓe shi a fadarsa. Ta cibiyarsa kuma ya riƙa aika kuɗi ga masu bishara, musamman Hudson Taylor da mutanensa a ƙasar Sin, waɗanda su ma suka ɗauki tsarin rashin albashi tabbatacce. Wannan tsari ne wasu ƙungiyoyi suka bi daga baya, cikinsu har da mishan ɗin SIM, wadda mutanenta na farko suka sauka Ikko a 1893, ta iso Damagaram a 1924, ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, wanda da yawa daga cikin masu karatunmu sun taɓa kai marar lafiya.

A daren 9 ga Maris na 1898 ya jagoranci taron addu'a kamar yadda ya saba. Da safe da aka kai masa shayi a ɗakinsa da ke gida na uku, aka tarar da shi kwance a ƙasa kusa da gado, ya cika, yana da shekara 92. Ranar jana'izarsa kantuna da masana'antun Biristol da yawa sun rufe, dubban mutane suka jeru a tituna, marayu na bin gawar, aka binne shi a maƙabartar Arnos Vale. Gidajen sun ci gaba da aiki a kan tsarinsa har 1958, lokacin da aka mayar da yaran ƙananan gidaje irin na iyali, manyan gine-ginen kuma suka koma kwaleji.

Da aka rufe littattafansa an tarar marayu 10,024 ne suka bi ta hannunsa, ban da yara sama da 120,000 da suka yi karatu a makarantu 117 da cibiyarsa ta riƙe. Kuɗin da suka ratsa hannunsa sun kusa fam miliyan ɗaya da rabi. A cikin rahotannin shekara-shekara akwai wani mai bayarwa da ba a taɓa faɗin sunansa ba, wanda kyautarsa ta haura fam 81,000, sai bayan rasuwar aka gane Muller ne da kansa, daga abin da mutane ke ba shi don bukatarsa. Abin da ya bari na gādo fam 160 ne, wajen 100 ƙimar littattafai da kayan ɗaki, sauran 60 kuɗi a hannu.